Wa Ya Taɓa Gwangwanin da Na Ajiye a Gidan Yaya?

Goggo mai fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Asabar ɗin farko ta watan gobe. In ranar ta zo ban ji daga bakin wani mai hankali ba, ina tsoron zan aikata abin da zai raba ni da yayata, wadda ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Sau huɗu ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Wannan ce ta biyar, kuma na yi wa kaina alkawari ko a karkace ta fito haka zan aiko ta.

Shekarata arba'in da ɗaya. Aikina ajiye fayiloli a wani ofis. Ni ne mutumin nan na ɗakin ƙarshen baranda mai taga ɗaya, wanda ba a tunawa da shi sai takarda ta ɓata. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma tun ina aji uku nake rubuta abin da ya same ni kowace rana a littafi, yanzu ina kan na talatin da biyu. Na faɗa miki haka ne don ki san duk ranar da zan ambata a ƙasa ba da ka na kawo ta ba. Ban cika yarda da kaina ba. Da littafin nake yarda.

Babanmu mai ɗaukar hoto ne, ya fi shekara talatin yana da shago. Da ya rasu ya bar mana kwali ashirin da bakwai: hotuna, kaset-kaset na bidiyon bukukuwan mutane, sai kaset goma sha huɗu na rikoda. Waɗannan goma sha huɗun su ne maganar. Baba yana da wata ɗabi'a ta kunna rikoda ya ɓoye a bayan kwanuka, Inna tana aikinta tana surutu ba ta sani ba. A ciki akwai faɗan da take yi mana a kan takalma, akwai labarin ranar da ta haife ni, akwai dariyarta. Kusan kowane kaset da abu ɗaya yake ƙarewa, ta gano shi ta ce, "Malam, kashe abin nan, sai ka ce ba ka da aikin yi." Ta riga Baba rasuwa da shekara tara.

Shekara shida na yi, duk Asabar da Lahadi, ina mayar da kayan nan cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Na haɗa da littattafaina na kullum, shafi-shafi na ɗauke su a hoto. Kaset ɗin Inna sau biyu na yi aikinsu, don na farkon ya fito da shuuu ɗin iska, na goge shi tun tuni, na bar na biyun a folda guda mai suna Kwafi Na Biyu. Bara waccan muna tafiya bututun ruwa ya fashe a bangon ɗakin ajiya. Kwana huɗu ruwa yana tsiyaya a kan kwalayen. Da muka dawo hotunan sun manne kamar an dafa su, kaset ɗin sun yi funfuna. Da hannuna na kai su bola. Tun ranar, abin da ke cikin na'ura shi ne kaɗai abin da ya rage na Baba da Inna. Duka-duka, a ma'aunin ajiyar kwamfuta, ya kai tera biyar da rabi. Matata, wadda nake kira Malama don koyarwa take yi, ta ce in mutum ya zauna kallon bidiyon kawai sai gemunsa ya kai ƙirji.

Ga yadda nake ajiya, ki yi haƙuri da tsawon bayanin. Ina da faifan ajiya uku, irin 'yan akwatunan nan da ake jona wa kwamfuta da waya. Babban yana kan teburina ba ya motsi, a kansa nake aiki, ina kiransa Uwa. Sauran biyun na manna wa ɗaya jan salatef, ɗaya shuɗi, sunansu ke nan, Ja da Shuɗi. Kullum ɗaya yana gidana, ɗaya yana gidan Yaya a can ƙetaren gari, saboda ko gobara ko ɓarawo kada su same su wuri ɗaya. Mai shagon da ya sayar mini da su ya sa mini wata manhaja, ya ce kamar madubi take, tana mayar da ƙaramin faifai daidai da Uwa. Na roƙe shi ya saita ta yadda da na jona faifai za ta fara aiki da kanta, don na san halina na mantuwa. Kowace Juma'a ta jajibirin musanya ina jona na gida ya ɗauki sabon aiki. Asabar ɗin farkon wata in saka shi cikin safa, in sa a gwangwanin biskit, in zagaya robar ɗaure kuɗi sau biyu, in kai gidan Yaya. In ɗauko wancan da nasa gwangwanin, in dawo in jona shi nan take. In ya gama sai in yi gwajina: in buɗe muryar Inna in saurari minti ɗaya. In ta yi magana, na san komai lafiya. Wata ashirin da shida ina haka ban taɓa fashi ba.

Yanzu mijin Yaya. Gyaran waya da talabijin yake yi, kowa Injiniya yake ce masa. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, yana riƙe da Yaya da mutunci, kuma ranar jana'izar Baba shi ya tsaya a kan komai. Amma mutum ne da bai taɓa ganin abu mai murfi ya bar shi a rufe ba. Agogon bangonmu ya taɓa kwancewa muna cikin hira, ba wanda ya ce masa ya lalace. Ni Akawu yake kirana, duk zuwana sai ya ce ga Akawu ya kawo gawa zai ɗauki gawa. Nakan yi dariya. A littafina kuwa, Allah ya yafe mini, shekara goma sha biyar ina kiransa Na-Fi-Kowa, kuma akwai shafukan da in ya karanta ba zai ƙara amsa sallamata ba. Yawancinsu a cikin fushi na rubuta, wasu ma ban yarda da su yanzu ba. Amma suna nan, a cikin gwangwanin da nake ajiyewa a ƙasan durowar matarsa, ba makulli ba komai.

Ga abin da littafi ya ce. Asabar ɗin farko ta Afrilu na kai Ja, na ɗauko Shuɗi, na jona, Inna ta yi magana. Tsakiyar watan na samu hutun kwana uku, na zauna na gyara Uwa, don foldoji sun yi yawa, wasu sun maimaita kansu. Na rubuta: na goge kwafi goma sha biyu, duk maimaici ne, na kwashe kwandon shara. Juma'ar jajibirin musanyar Mayu aka ɗauke wuta tun rana, batirin kwamfutata kuma ya daɗe da mutuwa, don haka ban jona Shuɗi ba. Na rubuta: na kai shi haka, wata mai zuwa ya cike gibin. Abin ya dame ni, don shi ne karo na farko da na tsallake mataki.

Da na isa gidan Yaya na tarar suna fenti, an fito da kayan ɗaki tsakar falo an lulluɓe da tsofaffin zannuwa. Gwangwanina ba ya ƙasan durowa, yana saman firji kusa da kwalbar magani. Injiniya ne ya miƙo mini da hannunsa mai fenti, yana wannan murmushin nasa na gefen baki, ya ce, "Ga amanarka, Akawu, Na-Fi-Kowa bai cinye ba." Wannan sunan ban taɓa furta shi a gabansa ba. Na dubi gwangwanin, roba zagaye uku take, ba biyu ba. A mota na buɗe, wayar faifan a naɗe take ta wata fuska daban da yadda nake naɗewa, ko da yake a nan ba zan rantse ba, don ban taɓa rubuta yadda nake naɗe waya ba. Yanzu na fara.

Na dawo gida na jona Ja kamar kullum, na je na ci abinci, na dawo ya gama. Na nemi muryar Inna don gwaji. Babu. Na rubuta sunan foldar a wurin nema, babu. Na ce to bari in ɗauko daga Uwa. Can ma babu. Na kashe na kunna sau uku. Na zauna a ƙasa, a kan tayil, ban san lokacin da Malama ta shigo ta tsaya a kaina ba.

Abin da zuciyata ke raya mini shi ne Injiniya ya ɗauki Ja ya kai shagonsa, ya jona a kwamfutar nan tasa da wayoyin duk duniya ke shiga, ya karanta abin da ya karanta, sannan ko dai ya goge foldar don ya rama, ko wata cuta ta shiga faifan ta biyo ni gida ta cinye ta Uwa ma. Wani lokaci in ce ba zai yi haka ba, ai Inna surukarsa ce, tana ji da shi fiye da ni ma. Can kuma in tuna murmushin. Da na gaya wa Malama maganar sunan, dariya ta yi har da riƙe ciki, sai kuma ta haɗiye ta, ta ce bari ta duba tukunya. Wannan ma na rubuta shi, na ja masa layi, ban san me zan yi da shi ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ban ɗaga wayar Yaya ba. Jiya ta turo saƙo: Autan Inna, fushi ake da mu ne, ko fentinmu ne bai yi maka ba? Ba ta san muryar ta ɓata ba. Abin da ya fi ci mini rai, ta fi shekara biyu tana roƙona in sa mata kaset ɗin a wayarta, ni kuma ina ta ce mata sai na gama tsarawa. Gaskiyar ita ce ba na son abin ya watsu, yau yana wayarta, gobe yana wayar 'yan unguwa, ana sa muryar uwata a ƙarƙashin hoton fure.

Malama tun da daɗewa take cewa in daina yawon gwangwani kamar mai tallar alewa, in zuba komai a ajiyar intanet, wadda suke kira kilawud. Ta ce duk takardun makarantarsu can suke, wayarta ta faɗa ruwa ba ta rasa ko hoto ɗaya ba. Yanzu ta samu bakin magana. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Su wane ne mutanen? A wace ƙasa ɗakin yake, wa ke riƙe da makullinsa? In mijin yayata da muke cin abinci kwano ɗaya zai buɗe mini gwangwani, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba fa? A ofis na ga yadda fayil ɗin sirri yake yawo hannu-hannu, kowa ya leƙa ya mayar ya ce bai gani ba. In kamfanin ya rufe fa, ko suka wayi gari suka ce ba su san ni ba, ƙofar wa zan buga? In na mutu, wa zai ci gaba da biya? Kuma na gwada tura bidiyo ɗaya tak, tun bayan la'asar har aka kira magariba bai kai rabi ba.

Ga abin da na shirya. Ranar Asabar ɗin musanya zan je gidan Yaya, in karɓi Shuɗi ba tare da na ba su Ja ba, ba zan yi dogon bayani ba. In dawo in jona shi in gani ko muryar tana ciki, in shi ma ba a taɓa shi ba. Daga nan ba zan ƙara ajiye ko allura a gidan ba. Amma Yaya ba yarinya ba ce, da ta ga na shigo hannu wofi za ta gane ina zargin mijinta, kuma na san ta, ba za ta yi faɗa ba, shiru za ta yi, irin shirun da ke kai shekara.

To Goggo, in tunkare shi ko in haɗiye? In miƙa wa baƙin da ban sani ba abin da ya rage na iyayena, ko in nemi wani gidan in ci gaba da gwangwani? Gidan wa ma? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, in kin ga alamar ni ne ba ni da lafiyar tunani, zan ɗauka.

Naki,
Mai Ɗakin Fayil


Ƙanena Mai Ɗakin Fayil,

Na tsallake wasiƙu uku na sa taka a gaba saboda Asabar ɗin nan. Kafin ka karanta sauran, riƙe wannan: kada ka jona Shuɗi a kwamfutarka. Ko don leƙe, ko na minti ɗaya. Ka bar shi inda yake.

Lafiyar tunaninka ƙalau. Littafinka ma ya yi aikinsa, karanta shi ne ba ka yi ba, don fushi ya tsaya maka a gaba. Na jera ranakunka a takarda, na kai wa mai kula da kwamfutocinmu na nan ofis, ban gaya masa abin da nake zato ba, kuma inda na sauka nan ya sauka. Manhajar da aka ce maka madubi ce, madubin ce da gaske. Ba ƙara sabon abu kawai take yi ba. Abin da ta ga babu a Uwa, tana cire shi daga ƙaramin faifai don su zo daidai. Kuma hanya ɗaya take bi, daga Uwa zuwa ƙarami. Yanzu koma tsakiyar Afrilu, kwana uku kana share foldojin da ka ɗauka maimaici ne. Foldar Inna ta yi kama da maimaici, amma ba ta da 'yar'uwa, don ta farkon ka goge ta da daɗewa. Zatona mai ƙarfi shi ne tana cikin goma sha biyun nan. Ja ya dawo daga gidan Yaya da muryar a cikinsa lafiya lau. Ka jona shi, ka tafi cin abinci, madubi ya share ta. Ba ka duba shi kafin ka jona ba, don haka ba ka da shaidar cewa a gidan Yaya ta ɓata.

Na san wannan ba daɗin ji. Amma ga daɗinsa: rabon Shuɗi da kwamfutarka tun farkon Afrilu, kafin sharar. Wutar da aka ɗauke ranar Juma'ar nan, wadda ka rubuta a matsayin laifinka na farko, ita ta tsare maka shi. In lissafin nan daidai ne, muryar Inna tana wuri ɗaya tak a duniya yau, cikin safa, a gidan mutumin da kake zargi. Da ka bi shirinka, da ita ma ta tafi kafin ka ja kujera ka zauna.

Ban wanke Injiniya tas ba, don ban ga abin da ya faru ba. Mai kwance agogon mutane yana iya leƙa faifai, kuma in ya karanta littafinka bai kyauta ba, kana da ikon gaya masa. Sai dai ka auna shaidunka. Gidan da ake fenti, an kwashe durowa, gwangwani zai iya faɗuwa ya buɗe, wani ya tattara ya mayar da roba yadda hannunsa ya ga dama. Batun suna kuwa, matar da ta yi dariya har da riƙe ciki sannan ta tuna da tukunya, ita zan fara tambaya. Shekara goma sha biyar kana kiran mutum da suna a takarda, da wuya bai taɓa suɓuce maka a ɗaki ba, daga ɗakinka zuwa kunnen Yaya kuma kiran waya ɗaya ne. Ka lura da wani abu kuma. Wanda ya karanta shafukan da ka kwatanta ba ya miƙo gwangwani yana zolaya. Wanda ya ji sunan kawai, ya ba shi dariya, shi ke yin haka. Ka tambayi Malama a hankali, ba da fuskar mai bincike ba.

Yanzu tambayarka ta kilawud da faifai. Kai da Malama kowa yana da rabin gaskiya. Faifai yana hannunka, sau ɗaya kake sayensa, kuma tera biyar da rabi a kwana ɗaya ko biyu za ka kwafe. Amma yana mutuwa ba sallama, faɗuwa ɗaya daga saman firji ta isa, kuma tsarin duka yana rataye a wuyan mutum ɗaya da ba a yarda ya gaji ko ya yi kuskure ba. Kilawud yana nesa da bututun ruwanka da gobarar unguwarku, ba ya jiran Asabar, kuma irin wanda aka yi don ajiya yakan riƙe abin da ka goge na wani lokaci, ka iya dawo da shi. Da kana da wannan, da ba ka rubuto mini ba. Amma tsoronka ba shirme ba ne. Biya ne ba ƙarewa, in aka daina biya ajiyar tana iya tafiya, kamfani yana iya canza sharaɗi, kuma da irin intanet ɗin da ka kwatanta, tura kayanka duka aikin watanni ne. Akwai ma irin kilawud ɗin da shi ma madubi ne, ka goge a nan ya goge a can. Kafin ka zaɓa, ka tambaya kwana nawa suke riƙe abin da aka goge.

Don haka kada ka zaɓi ɗaya, ka raba kayan. Bidiyon bukukuwan mutane da tarin hotunan shago su ne masu nauyi, su zauna a faifai, ka ci gaba da musanya. Muryar Inna, littattafanka da hotunan gidanku ba su da nauyi, ko wayar hannu za ta ɗauke su. Waɗannan su hau kilawud, kuma su zauna a faifai. Maganin masu leƙe, na gida da na waje, ɗaya ne: ka kulle littattafanka da kalmar sirri tun a kwamfutarka kafin su je ko'ina. Wanda ya buɗe ba zai ga komai ba sai shirme. Amma in kalmar ta ɓace maka, kai ma shirmen za ka gani, don haka ka rubuta ta a takarda, ka liƙe a ambulan, ka ba wanda zai nema in ba ka nan. Ka koma wurin mai shagon ya hana manhajar fara aiki da kanta, ya saita ta ta daina gogewa, ko ta riƙa ajiye tsohon abu a gefe. Gwajinka na sauraron Inna dabara ce mai kyau, ka riƙa yinsa kafin kwafi, ba bayansa kaɗai ba. A yanzu kuma kada ka ƙara zuba komai a Uwa ko Ja. In Shuɗi ya ba mu kunya, masu aikin dawo da abin da aka goge suna iya tono wani abu, muddin ba a rubuta sabo a kansa ba.

Saura abin da ya fi wuya. Kada ka jira Asabar ɗin musanya. Ka kira Yaya yau, ka ce mata kana tafe. Ka sayi sabon ɗan faifai, ka je da shi. Ka zaunar da su biyun ka gaya musu muryar ta ɓata a gidanka, kuma ga alama da hannunka. Ka roƙi Injiniya ya samo kwamfuta mai tsabta, ba ta shago ba, wadda ba ta da manhajarka, ku buɗe Shuɗi tare, ku kwafe foldar kafin a taɓa komai. Shekara da shekaru yana neman abin da zai buɗe, ka ba shi wannan da izininka. Batun zargi kuwa, tunda ba ka furta ba, ba sai ka zazzage shi duka ba. Ka ba Yaya haƙurin kwana goma sha ɗayan nan, wannan kam hakkinta ne.

Kuma kafin ka tashi daga falon, ka sa mata kaset ɗin a wayarta. Inna ba taka ba ce kai kaɗai. Ka yi shekara biyu kana tsare muryar daga 'yarta, har ta kusa ɓacewa a hannun mai tsaron. Da ka ba ta tun ranar da ta fara roƙo, da ranar da ka zauna a kan tayil kiran waya ɗaya za ka yi. In wata rana ka ji ta a ƙarƙashin hoton fure, ka daure, wannan ma wani gwangwanin ne da ba kai za ka riƙa ɗauka ba.

Allah ya sa lissafina ya zama daidai, ya bar ka da yayarka. Ina maka fatan ranar ku ukun ku yi shiru a falon nan mai warin fenti, har kaset ya zo ƙarshe, ku ji ta ce a kashe abin nan, kowa ya ƙi tashi ya kashe.

Goggo